RANAR DA WAYA TA YI SHIRU, WA ZAI KAI LABARI?

Daminar shekarar 2024 ba za ta fita daga zukatan mutanen Nijar da wuri ba. Ruwa ya sauka fiye da kima. Gidajen laka sun zube, rumbuna sun jiƙe, dabbobi sun bi ruwa. Mutum fiye da 300 suka rasa rayukansu, waɗanda abin ya shafa kuma sun fi miliyan 1. Jahar Maraɗi tana cikin inda aka fi yin asarar rai. A watan Agusta ruwa ya datse manyan hanyoyin shiga Yamai na ƴan kwanaki. A watan Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe.

A irin wannan rana, abu na farko da garin da ruwa ya kewaye yake bukata shi ne a san halin da yake ciki. Mutum nawa suka ji ciwo? Ta ina mota za ta bi? Akwai mai naƙuda? Hukuma ba ta iya kai agaji inda ba ta samu labari ba.

Yau kowa ya dogara da salula. To amma salula ba ta magana da ƴar'uwarta kai tsaye. Sai muryar ta hau dogon ƙarfen da kamfani ya kafa, daga nan ta bi wasu ƙarafan ko wayar da aka binne cikin ƙasa. Kowane ƙarfe yana son wuta. In lantarki ya ɗauke, batir ya riƙe shi na ƴan awoyi, sa'an nan injin gurup ya karɓa. In ruwa ya ci hanya, motar mai ba ta isowa. In iska ta kada ƙarfe guda, garuruwa da yawa sun rasa rezo. Ko ƙarfen yana tsaye, in kowa ya ɗauki waya lokaci ɗaya, layi ya cushe.

Akwai wani kayan sadarwa da ba ruwansa da ƙarfen kamfani. Shi ne radiyon da ake magana da shi, ana kuma saurare da shi. A ƙasashe da yawa akwai mutanen da suka mai da shi abin sha'awarsu, kuma ranar masifa su ne suke kai labari.

SU WANE NE MASU RADIYON SA KAI?

Da Faransanci ana ce musu radiyo amatar. Ba ma'aikatan gidan radiyo ba ne, ba kuma sojoji ba. Cikinsu akwai malamin lakwal, da likita, da makanike, da ɗan kasuwa, maza da mata. Kowannensu ya koyi yadda radiyo yake aiki, ya ci jarrabawa, hukumar ƙasarsa ta ba shi takardar izini da lambar kira. Ba a biyan su, doka ma ta hana su neman kuɗi da wannan aiki. Ba sa saka kiɗa, ba sa talla, ba sa magana da zaurance don ɓoye ma'ana. Duk abin da suka faɗa, kowa yana iya ji.

Lambar kira ita ce sunan mutum a sararin sama. Farkonta yana nuna ƙasarsa. Hukumar sadarwa ta duniya, mai mazauni a Janeba, ita ta raba wa ƙasashe waɗannan haruffa. Na Nijar 5U ne. Wanda ya ji lambar da ta fara da 5N ya san daga Nijeriya take, F kuma daga Faransa.

Sana'ar tsohuwa ce. An kafa ƙungiyar masu radiyon sa kai ta Amurka tun 1914. A wancan zamani hukumomi sun bar musu gajeren zango don ana ganin ba shi da amfani. Sai ga shi a watan Nuwamba na 1923 wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy, daga garin Nis, ya yi musayar saƙo da wani Ba'amurke mai suna Fred Schnell, da teku tsakaninsu. Daga nan duniya ta gane darajar gajeren zango. Ranar 18 ga Afrilu 1925 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris. A Amurka kaɗai masu wannan izini sun fi 700,000.

ABIN DA YA FARU A TSIBIRAN ANDAMAN

Tsibiran Andaman da Nikobar na ƙasar Indiya ne, amma suna tsakiyar teku. Daga babban garinsu, wanda a lokacin ake kira Port Blair, zuwa gaɓar Indiya ya fi kilomita 1,000, wato ya fi nisan Yamai da Damagaram. Tun 1987 gwamnatin Indiya ba ta sake barin masu radiyon sa kai su yi aiki daga can ba. A ƙarshen 2004 ta ba wata ƴar ƙaramar ƙungiya izinin wata guda. Shugabarsu mace ce, sunanta Bharathi Prasad, lambar kiranta VU2RBI.

Ba don agaji suka je ba. Sun je ne don masu radiyo na sauran duniya su samu yin magana da wuri mai wuyar samu. Cikin mako uku sun gaisa da tashoshi fiye da 30,000.

Ranar 26 ga Disamba, wajen ƙarfe 6 da rabi na safe, ƙasa ta yi girgiza ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra. Teku ya taso da igiyar ruwa da ake kira tsunami. Wajen mutum 230,000 suka mutu a ƙasashe 14. A tsibiran, wuta ta ɗauke, tarho ya mutu, tashoshin jiragen ruwa sun lalace.

Masu radiyon suka bar gaisuwa. Suka fito da na'ura daga benen masaukinsu zuwa fili, suka haɗa ta da injin gurup, suka nemi ƴan'uwansu da ke cikin Indiya. Jama'a suka riƙa zuwa da sunaye da lambobin tarho. Mai radiyo a Port Blair ya karanta saƙo. Wani mai radiyo a cikin Indiya ya rubuta, ya ɗauki tarhon gidansa, ya gaya wa dangi cewa wane yana da rai. Hukumar tsibiran ta nemi taimakonsu. Aka kai wasunsu tsibirin Kar Nikobar, fiye da kilomita 200 kudu, inda ɓarnar ta yi muni ƙwarai. Ta hanyarsu hukuma ta riƙa jin abin da ake bukata can, na magani, da ruwan sha, da abinci.

Abin lura a nan shi ne, ba ranar suka koyi aikin ba. Antan a ɗaure take, hannu ya saba, sun san wa za su kira, a kan wane zango, da wane lokaci. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. Lokacin girgizar ƙasar birnin Meksiko, a watan Satumba na 1985, layukan tarho na ƙetare sun katse, masu radiyon sa kai suka riƙa fitar da labarin masu rai da matattu. A tsibirin Porto Riko kuma, guguwar da aka sa wa suna Maria ta sauka ranar 20 ga Satumba 2017. Wutar tsibirin duka ta ɗauke. Cikin kowane ƙarfen salula 100, wajen 95 suka daina aiki. Ƙungiyar agaji ta Kurwa Ruj ta Amurka ta nemi a ba ta masu radiyon sa kai. Aka aika da fiye da 20, kowa da kayansa, suka haɗu da na cikin tsibirin. Wannan ya faru ne a ƙasar da ke ƙarƙashin Amurka, inda ake da kuɗi da kayan zamani.

KAYAN AIKIN IRI UKU NE

Na farko shi ne babban radiyo mai gajeren zango. Girmansa bai wuce ƙaramar akwati ba. Yana aiki da wuta bolt 12, wato batirin mota ya ishe shi. Ƙarfinsa yawanci wat 100 ne, kamar tsohon ƙwan lantarki guda. Yadda yake kai murya nesa abin mamaki ne. Can sama, daga wajen kilomita 100 zuwa 400, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana yake cika shi da lantarki. Muryar gajeren zango in ta bugi wannan rufi sai ta komo ƙasa, kamar yadda madubi yake mai da haske. Ta haka take tsallake dutse, da gulbi, da hamada, ba tare da wani ƙarfe a tsakani ba.

Rufin nan yana canzawa tsakanin dare da rana. Saboda haka mai radiyo yana canza zango. In magana ta cikin ƙasa ce, da rana ya hau mita 40, da dare ya koma mita 80. In ta ƙasashen nesa ce, ya nemi mita 20. Ƙungiyarsu ta duniya ta keɓe wuraren da ake haɗuwa lokacin masifa. A yankin Afirka da Turai akwai kilohaz 3,760, da 7,110, da 14,300.

Antan ɗinsa ba ta da wuya. Wayar jan ƙarfe ce kawai. Ta zangon mita 40 tsawonta wajen mita 20 ne, an raba ta biyu daidai, wayar da ke zuwa radiyo tana tsakiya. Ana iya ɗaure ta tsakanin itatuwan bedi biyu. In ba a ɗaga ta sama sosai ba, muryar takan miƙe sama ta zubo kewaye, ta rufe garuruwan da ke cikin kilomita ɗari biyu ko uku. Wannan shi ne abin da gunduma take so: ta ji ƙauyukanta, ta kuma ji babban birnin jaha.

Na biyu shi ne ƙaramin radiyon hannu, wanda ake ce wa talki-walki ko oba-oba. Ƙarfinsa wajen wat 5 ne. Muryarsa ba ta komowa daga sama, tana tafiya ne miƙe, kusan iyakar inda ido yake kaiwa. A fili ba ya wuce ƴan kilomita. Tudu ko manyan gine-gine suna tare shi. Don a ƙara masa nisa akan kafa wata na'ura da ake kira rele a bisa tsauni ko bisa tankin ruwan gari. Ita take karɓar murya ta sake jefa ta. Da rele, oba-oba yana iya kai kilomita gomomi. Zangon masu sa kai na irin wannan radiyo a Afirka shi ne mita 2.

Na uku shi ne sikana, wato radiyo mai lalube. Shi kunne ne kawai, ba shi da baki. Yana bin tashoshi da yawa cikin sauri, in ya tarar ana magana a wata sai ya tsaya, in an gama ya ci gaba. A Amurka mutane suna ajiye shi a gida don su ji ƴan kwana-kwana, da masu radiyon sa kai, da tashoshi bakwai da hukumar yanayi ta keɓe, waɗanda suke faɗin zuwan guguwa dare da rana. Amfaninsa ya ragu a wurare da dama, domin ƴan sanda da yawa sun koma radiyon da ke kulle murya. Kuma a ƙasashe da yawa sauraren jami'an tsaro laifi ne. Dokar Amurka ba ita ce dokar ko'ina ba.

WUTA DA KUNNE

Radiyo mafi tsada in ba wuta gungume ne. Batirin mota guda, da fanon hasken rana, da na'urar da ke daidaita caji, sun isa su riƙe tasha. Rana kuwa Allah ya hore wa ƙasar Sahel. Masu aikin sun san wani abu: saurare ba ya cin batir kamar magana. Babban radiyo yana jan wajen ampa 1 ko 2 in yana saurare, amma in an danna ana magana ya kai ampa 20. Don haka ƙa'idarsu ita ce saurare da yawa, magana kaɗan.

Sa'an nan dole a samu mai saurare. Labarin jirgin ruwan Titanic ya isa darasi. Daren 14 ga Afrilu 1912 jirgin ya bugi dutsen ƙanƙara, ya riƙa kiran agaji ta radiyo. Akwai wani jirgi mai suna Californian kusa da shi, amma mai radiyonsa ya kashe na'ura ya kwanta. Wani jirgin, Carpathia, da ke wajen kilomita 90, shi ne ya ji. Ya iso bayan Titanic ya nutse, ya tsamo mutum wajen 700. Wajen 1,500 suka mutu. Bayan wannan ne aka sa dokar cewa manyan jiragen fasinja su samu mai saurare dare da rana.

Haka abin yake a tudu. Masu radiyon sa kai sukan sa lokacin haɗuwa, safe da yamma, ko lafiya ko ba lafiya. Mutum guda yake jagorantar taron, yana kiran tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Ba mai magana sai an ba shi. Tashar da aka kira sau biyu ba ta amsa ba, an san a bincika.

YADDA AKE SHIRYA SAƘO

Saƙon gaggawa ba hira ba ne. Ana rubuta shi kafin a danna. Ya ƙunshi abu biyar: wa ya aiko, daga ina, me ya faru, mutum nawa abin ya shafa, me ake bukata. A sa rana da lokaci. Wanda ya karɓa ya rubuta, ya maimaita, mai aikowa ya tabbatar. Sunan gari in yana da wuya a faɗe shi harafi harafi.

Mai radiyo ba ya ƙara gishiri. In maigari ya ce gida 12 suka faɗi, 12 zai faɗa. Ba ya aika abin da aka ce an ce. Jita-jita a lokacin ambaliya tana iya kai motar agaji inda ba a bukatarta, ta bar inda mutane suke mutuwa.

ABIN BA BAƘO BA NE A NIJAR

Tsofaffin ma'aikata sun san radiyon BLU. Kafin zuwan salula, shi ne ya haɗa ofisoshin hukuma na nesa da manyan garuruwa. Radiyon gajeren zango ne, irin wanda aka bayyana a sama. Wajen ƙarshen shekarun 1990, a gundumar Walam, an haɗa ƙananan gidajen likita da asibitin gunduma ta radiyo mai aiki da hasken rana. In haihuwa ta zo da gardama, malamin likita ya kira, motar ɗaukar marasa lafiya ta taso. Waɗannan ba na masu sa kai ba ne, na hukuma ne, amma dabarar ɗaya ce.

Wajen saurare ma ƙasar tana da tarihi. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo Kulob, inda mutanen karkara suke taruwa su saurara, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan radiyo. A 1999 aka buɗe radiyon karkara a Bankilare, mai aiki da hasken rana, daga baya irinsa suka bazu cikin jahohi. Radiyon karkara yana kai magana daga gari zuwa ƙauye. Abin da ya rage shi ne hanyar da ƙauye zai mayar da tasa maganar ranar da rezo ya ɗauke.

DOKA TUKUNA

Yanzu ƙananan oba-oba sun yi araha, ana samunsu a kasuwa. Araharsu ba izini ba ce. Zangunan radiyo dukiyar ƙasa ne, kamar hanya. A Nijar hukumar ARCEP ce take kula da su. Wanda ya danna radiyo a inda ba a ba shi ba yana iya toshe muryar jirgin sama, ko ta motar asibiti, ko ta jami'an tsaro, bai sani ba. A yankunan da ake fama da rashin tsaro kuma, wanda aka gani da oba-oba ba takarda ya jawo wa kansa da garinsu zargi. Garin da yake son irin wannan kaya ya bi ta hannun magajin gari da shugaban gunduma, a nemi izini a rubuce, jandarma su san da zancen, a san sunan wanda yake riƙe da na'urar.

Dokar duniya ba ta hana wannan aiki ba. A taron radiyo na duniya na 2003 an gyara ƙa'ida: an yarda masu radiyon sa kai su ɗauki saƙon wasu mutane zuwa ƙetare lokacin masifa, an kuma shawarci gwamnatoci su ba su damar shiri. A taron ne aka bar wa kowace ƙasa zaɓin ko za ta ci gaba da tilasta jarrabawar bugun Mors.

ABIN DA GARI ZAI IYA YI TUN DA RANI

Matakin farko ba ya son izini, ba ya son kuɗi da yawa. Kowane gida ya ajiye radiyon saurare mai aiki da pil, wanda yake kama radiyon karkara da Muryar Sahel. A ajiye pil na ko-ta-kwana cikin leda, a rataye sama, ba a ƙasan ɗaki ba. Kada a bar pil cikin radiyon da ba a amfani da shi, yana zuba ya ɓata shi.

Na biyu, a san wuraren da rezo yake kamawa in na gari ya ɗauke, wane tudu, wace mararraba. A san wanda zai hau babur ko raƙumi ya kai takarda in komai ya ƙi. A rubuta lambobin likita, da ƴan kwana-kwana, da magajin gari a littafi, domin wayar da ta mutu ta tafi da lambobinta.

Na uku, in hukuma ko koperatif ta samar da radiyon magana, a aje shi a gini mai ƙwari, bisa tudu, nesa da ƙorama. A koya wa mutum uku, ba ɗaya ba, cikinsu har da mace, domin maza suna tafiya cin rani. A gwada shi kowane mako. A share ƙurar fano, a duba ruwan batir. In hadari ya taso da walƙiya, a cire wayar antan daga jikin radiyo, don tsawa tana bin ta.

Na huɗu, samari masu gyaran salula da radiyo a kasuwannin Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, suna da rabin ilimin a hannu. Wanda ya iya haɗa fano da batir, ya iya narka dalma, zai iya koyon sauran. Malaman makarantun koyon sana'a suna iya buɗe musu wannan ƙofa.

Damina za ta sake zuwa, gulbi zai sake cika. Ba wanda ya san garin da ruwa zai kewaye bana. Garin da ya shirya kunnensa da bakinsa tun da rani shi ne za a fara ji. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye jama'a da dukiyarsu.